Yadda na dawo da tsofaffin tukwanen nutso na ƙarfe bakin aiki, da yadda muka kwashe da masu shago

Duk wanda ya koyi nutso a nan Amurka ya san tukunyar iskar da ake ɗora masa a baya ranar farko, ta alminiyom ce wadda suke kira 80, ita ce ta cika shaguna da jiragen ruwa da wuraren haya. Ni kuma yanzu yawancin shiga ruwan da nake yi da tsofaffin tukwanen ƙarfe nake yi, waɗanda ake kira 72 (lambar tana nuna yawan iskar da tukunya ke ɗauka), irin waɗanda aka yi yayinsu a shekarun 1960 da 1970 kafin alminiyom ya zo ya ture su. A jihar Karolina ta Arewa nake zaune, kuma tunda 'yan uwa da suka fara wannan harka suna yawan tambayata ko su sayi tsohuwar tukunya in sun ganta da araha, nace bari in rubuta duk yadda na bi da nawa tun daga gareji har cikin ruwa, kowa ya gani ya yanke wa kansa.

Wata dattijuwa ce mijinta ya rasu tana rage kayan gareji, ta sa tallarsu a Facebook, tukwane uku duk sun sha ƙura, kuɗin da ta yanka kuma kaɗan ne ƙwarai dan ita so take kawai su bar mata gida. Tun a garejin na ɗan murɗa bawul ɗin kowacce in ji ko da sauran iska, biyu suka yi fuuu, ɗaya shiru. Wannan shirun bai min daɗi ba, saboda tukunyar da ta yi shekaru a zaune babu iska a cikinta danshi na samun hanyar shiga. Na manna musu maganaɗisu ya kama dukkansu, wato ƙarfe ne babu tantama. Da na shigo da su gida maiɗakina ta tsaya tana kallonsu tace Malam, waɗannan abubuwan ba za su tashi da mu ba kuwa? Nace mata babu wadda za a ɗura wa iska sai an leƙa cikinta an gwada ta, wadda ta faɗi kuma ba za ta kwana a gidan nan a matsayin tukunya ba. Tambayar tata a kan hanya take, kuma ita ce tambayar da kowane mai shago zai min daga baya ta wata siga.

In aka ce me ya kai ni wannan wahalar alhali ga sababbi a shago, amsar tana cikin ruwa. Ta alminiyom 80 nauyinta wajen kilo 14 ne, kuma in iskarta ta kusa ƙarewa sai ta fara yin sama da kai da ƙarfin kusan kilo 2, dole ka ɗaura ƙarin dalma a ƙugu dan kawai ka danne ta a ƙarshen nutso lokacin da kake so ka tsaya cak a ƙafa 15 ka yi tsayuwar minti uku ta kariya da ake yi kafin a fito sama. Ita 72 ta ƙarfe wajen kilo 12 ce, ta fi siranta, inci 6.9 ne faɗinta ita kuwa waccan 7.25, kuma in ta kusa ƙarewa ba ta nutsewa ba ta tashi, kusan daidai take zama da ruwa. Ka rage nauyi a baya ka rage a ƙugu, ga wanda ke saukowa gangare da kaya a jiki zuwa bakin tafki wannan ba ƙaramin abu ba ne, gwiwa da baya suna shaida.

Abu na farko da na zauna na koya shi ne karanta rubutun da aka buga a kafaɗar tukunya, dan duk tarihinta yana nan. Ɗaya an buga mata DOT-3AA2250. DOT ma'aikatar sufuri ce ta Amurka, 3AA nau'in ƙarfen ne da tsarin ƙirar, ƙarfe mai haɗin kuromiyam da molibdenam wanda aka ƙera babu walda a jikinsa, 2250 kuma matsin da aka yarda a cika ta ne a ma'aunin psi, kusan 155 kenan a ma'aunin bar ga waɗanda suka koyi nutso a Turai ko Masar. A ƙasa da haka lambarta da alamar kamfanin da ya ƙera, PST, wato Pressed Steel Tank na birnin Milwaukee, sai kwanan wata na farko, 1972, da alamar + a gefensa. Ta biyu ta girme ta, 1961, kuma ita ICC aka buga mata a madadin DOT, saboda kafin a kafa ma'aikatar sufuri ta fara aiki a 1967 hukumar ICC ce ke kula da irin waɗannan tukwane, kuma har yau tambarin ICC halastacce ne ba a soke shi ba. Ta ukun ita ce mai shirun nan, an lulluɓe ta da wata roba mai kauri ruwan ɗorawa, ga takalmin roba a gindinta da ya manne kam. Kowacce tana da jerin kwanakin gwaji bi da bi har zuwa inda mai ita ya daina kai su.

Na ɗauki ta 1972 na nufi shagon da ya fi kusa da ni, inda na saba haya. Yaron da ke kan kanta ya duƙa ya duba kafaɗar, da ya ga shekarar sai ya miƙe ya kira maigidansa. Maigidan ko taɓa ta bai yi ba yace su ba sa cika duk tukunyar da aka ƙera kafin 1990, ba sa dubawa, ba sa aikawa gwaji. Nace yallaɓai wannan fa ƙarfe ce ba alminiyom ba, ga maganaɗisu a aljihuna in nuna maka. Yace abokina na sani, amma doka ce ta shagona, yaran da ke cika min iska ba zan sa su tsaya bambance wannan da waccan ba, shekara kawai nake so su duba, ya kuma kawo maganar inshora, daga nan ya nuna min sababbin da ke jingine a bango da farashinsu. Raina ya sosu gaskiya, dan an yanke wa tukunyar hukunci ba a ko leƙa cikinta ba. Amma ban yi masa gardama mai tsawo ba, shagonsa ne, babu dokar da ta tilasta masa cika wa kowa, kuma da na bi diddigin inda wannan 1990 ɗin ta samo asali na gane tsoron nasa yana da tushe, kawai dai ya ɗora shi a inda ba nan ne wurinsa ba.

Tushen shi ne wani haɗin alminiyom da ake kira 6351. Kamfanin Luxfer ya yi amfani da shi daga 1972 zuwa tsakiyar 1988, Walter Kidde ma ya yi amfani da shi, kamfanin Catalina kuwa bai taɓa amfani da shi ba. Wasu daga cikin tukwanen da aka yi da wannan haɗi in sun daɗe a cike sai tsaga ta fara a wuya wajen tiredi, wato inda ake murɗa bawul ya shiga, tana ci a hankali shekara da shekaru, kuma an samu waɗanda suka fashe ana cikin cika su, masu cikawa suka ji munanan raunuka. Shi ya sa tun 2007 gwamnati ta wajabta a riƙa yi wa irinsu wani ƙarin gwaji da na'urar lantarki mai gano tsaga a wuya duk lokacin gwajin shekara biyar, a buga musu VE. Toh shaguna da yawa sai suka ga mafi sauƙi su ja layi a 1990 su ce duk abin da ya girmi haka a kai kasuwa, wake ɗaya ya ɓata gari, har da tukwanen ƙarfe da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Tukunyar 3AA ba a sa mata wa'adin mutuwa a doka ba, muddin tana cin gwaji tana nan a bakin aiki. Abokin gabarta tsatsa ne, shi kuma tsatsa ana ganinsa da ido in an yarda an duba.

Sai na shiga tambaya a wurin mutanen da muke haɗuwa a ramukan fasa dutse da ruwa ya cika, inda yawancinmu na cikin ƙasa ke atisaye. Nan aka kwatanta min wani ƙaramin shago mai ɗan nisa, na wani dattijo da ya fara nutso tun lokacin da waɗannan tukwanen ne sababbi. Ni Baba nake ce masa kuma ya saba yana amsawa. Da na sauke su ukun a gabansa bai tambayi shekara ba, ya sauke sauran iskar a hankali, ya ɗaure ta farko a mazauninta ya kwance bawul, ya ɗauki ƙaramar guduma ya ɗan ƙwanƙwasa gefenta, ta yi ƙara garau mai tsawo, yace ka ji, lafiyayyen ƙarfe haka yake amsawa, wadda tsatsa ya ci ƙararta a dakushe take fita. Sannan ya zura wata siririyar fitila ciki ya ce in sa ido da kaina. Cikin ta 1972 toka-toka ne mai tsabta, sai ɗan ja-ja sama-sama wanda yace bulalar waya kawai zai sa a injin huda ya kaɗa a ciki ya fita. Wajenta kuwa an tsoma ta ne cikin narkakkiyar tutiya tun a masana'anta, shi ya sa duk da ta dusashe babu inda tsatsa ya kama, wannan tutiyar ita ce sirrin daɗewar yawancinsu.

Ta 1961 ta fi ba da aiki. Bakinta ƙarami ne, rabin inci, tiredinta kuma irin mai tsukewa ne kamar na bututun famfo, ba zoben roba ke toshe iska ba, matsewar ƙarfe da ƙarfe ce da farin tef, sai da Baba ya sa dogon hannu a sifana ya dage kafin bawul ɗin ya motsa. Ta wannan ɗan bakin fitila ma da ƙyar take shiga, yace shi ya sa shaguna da yawa ke gudun irinta, kayan aikinsu na mai faɗin baki ne, kuma sabon bawul na wannan tiredin ba ko'ina ake samu ba. Cikinta akwai tsatsa da ya fi na waccan, a gindi musamman, sai an yi mata gurza. Yadda ake yi, ana zuba ƙananan tsakuwoyi masu kaifi a ciki a toshe bakin a kwantar da ita kan wasu robobi masu juyawa, ta yi ta birgima awanni suna kankare tsatsan, sannan a juye, kuma juyewar ta bakin rabin inci aiki ne na haƙuri, a wanke da ruwan zafi a busar nan take da busasshiyar iska, dan ƙarfen da aka kankare in ya ga danshi cikin mintuna yake sake yin ja. Da aka gama muka sake leƙawa, ƙarfen ya fito fes, 'yan ramukan da suka rage ba su da zurfi.

Ta ukun kuwa tun daga cire takalmin gindi labari ya canza. Ruwa ya daɗe yana kwanciya tsakanin takalmin da jikinta, robar da aka lulluɓe ta da ita ta kumbura, da aka yanka wurin sai ga tsatsa ya yi ɓawo a ƙarƙashi. Cikinta kuma an shafe shi da wani fenti mai ruwan ƙasa da ake yi wa wasu tukwane a wancan zamani da niyyar kariya, amma da zarar ya tsage ko da kaɗan ne ruwa ya shiga bayansa sai ya riƙa ci a ɓoye, mai dubawa kuma ba ya ganin ƙarfen, dole sai an gurje shi duka kafin a ce komai. Aka gurje, sai ga layin tsatsa dogo a gefe ɗaya daga kafaɗa har gindi, alamar ta yi shekaru a kwance da ruwa a ciki. Wannan layin shi ne mafi muni, saboda gefen tukunya ya fi gindinta siranta, kuma ramuka da suka jeru a layi ɗaya suna raunana ta fiye da rami guda a ware. Baba yace ba zai sa mata sitika ba kuma ba zai cika ta ba, amma shi ba zai lalata min kayana ba, in ina so in ji ta bakin mai gwaji in kai masa.

A nan ya kamata in bambance abu biyu da mutane ke haɗawa. Gwajin ruwa da ake yi duk shekara biyar, wanda ake kira haidiro, shi ne na doka, kuma wanda ke da lambar izini daga hukumar PHMSA da ke ƙarƙashin ma'aikatar sufuri shi kaɗai ke yinsa ya buga tambari. Sitikar duban ido ta shekara-shekara kuwa tsari ne da 'yan harkar nutso suka ɗora wa kansu, ba dokar gwamnati ba ce, amma tsari ne mai kyau kuma babu shagon da zai cika maka babu ita. Yawancin shagunan nutso ba su da injin haidiro, tara tukwane suke su kai wa kamfanonin da ke gwada na kashe gobara da na iskar walda, su ɗora nasu kuɗin a kai. PHMSA tana da jerin masu izini a intanet jiha-jiha, na duba na samu wani ba nisa, na kai da kaina. Ragin kuɗi na samu, amma abin da ya fi min shi ne na yi magana baki da baki da wanda zai yi gwajin.

Dalilin da ya sa wannan maganar ke da muhimmanci shi ne tutiya. Yadda gwajin yake, ana cika tukunyar da ruwa a rufe ta cikin wata babbar tukunya wadda ita ma cike take da ruwa, a matsa na cikin har biyar bisa uku na matsin aikinta, ga mai 2250 ya zama 3750 kenan, a riƙe aƙalla daƙiƙa 30. Tukunyar na ɗan buɗewa ta ture ruwan waje a auna yawansa, in aka saki matsin ta koma, sai a ga nawa ne bai koma ba. In abin da bai koma ba ya wuce kashi 10 cikin 100 na duka buɗewar, ta faɗi, kuma faɗuwar nan babu ɗaukaka ƙara. Da ruwa ake yi saboda ruwa ba ya matsuwa kamar iska, ko ta tsage ba za ta yi bindiga ba. Toh tukwanen da aka tsoma a tutiya mai zafi suna da wani hali, in aka kai su matsin gwaji kai tsaye sukan nuna kamar ba su koma daidai ba alhali lafiyarsu ƙalau, shi ya sa PST ya fitar da takarda yana ce wa masu gwaji su fara matsa ta zuwa ƙasa kaɗan da kashi 90 cikin 100 na matsin gwajin, su saki, su mayar da ma'auni sifili, sannan su yi na gaskiyar. Ba a wuce kashi 90 ɗin, dan in an wuce doka ta ɗauke shi a matsayin gwajin kansa. Mai gwajin da ya saba da na kashe gobara kaɗai zai iya kashe maka lafiyayyar tukunya saboda bai san wannan ba. Na buga takardar na tafi da ita, na miƙa masa cikin ladabi nace ranka ya daɗe na san aikinka ne, kawai dan waɗannan masu tutiya ne, ya karɓa ya duba yace ya san da ita, haka yake yi dama. Hankalina ya kwanta.

Biyu suka ci. Ya buga musu sabon tambari, wata, sai lambarsa mai harafi ɗaya da lamba uku, sai shekara. Ta ukun ko ruwa bai zuba mata ba, shi ma doka ta ce ya duba da ido kafin gwaji, ya leƙa ya auna zurfin ramukan yace ta tafi. Ya bi kan DOT-3AA2250 ya buga X X X har rubutun ya ɓace, ya ba ni takarda a rubuce, na ce masa ya huda ta ma gaba ɗaya kada wata rana wani ya tsince ta ya yi ganganci, na kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ban yi jayayya ba dan na ga layin da idona.

Sai maganar +. Wannan alamar tana nufin an yarda a ƙara kashi 10 cikin 100 a kan matsin da aka buga, 2250 ya koma 2475, kuma sai a 2475 ɗin ne tukunyar ke ɗaukar ƙafa kubik 71.2 da ya sa ake ce mata 72, a 2250 wajen 65 kawai take ɗauka. Alamar + ta 1972 ba ta aiki yau, sai an sake buga ta a gefen gwaji na baya-bayan nan, kuma kafin mai gwaji ya buga yana buƙatar wata lamba da ake kira REE, iyakar buɗewar da aka yarda tukunyar ta yi, wadda ke nuna kaurin jikinta bai ragu ba. Sababbin tukwane ana buga musu ita a kafaɗa, tsofaffin nan yawanci babu. Ta PST na samu takardar kamfanin mai lambar, ya gwada da abin da ya auna ya buga min +. Ta 1961 babu takarda, yace akwai hanyar lissafi amma shi ba ya yi, na bar ta a 2250 ɗinta, ƙafa kubik shida ba abin da zan matsa wa mutum ya sa hannu a kan abin da bai gamsu da shi ba ne.

Na koma wurin Baba dan bawul, kuma nan ne nake ganin mutane suka fi yin sakaci. A jikin kowane bawul akwai wani ɗan faifan ƙarfe siriri da aka yi shi dan ya fashe ya saki iska in matsi ya yi yawa, kafin tukunya ita ta fashe. Na mai 2250 bai kamata ya wuce 3750 ba. In ka je ka sayi sabon bawul a shago yawanci na tukunyar 3000 ne, faifansa na 5000, ka ɗaura shi a tsohuwar 72 ka cire mata kariya kenan ba ka sani ba. Baba ya canza faifan duka biyun da na daidai, ya kuma canza tsohuwar toshiyar mai huda ɗaya da sabuwa mai fitar da iska ta gefe-gefe, dan mai huda ɗaya in ta saki sai ta riƙa wulwula tukunya a ɗaki. Bawul ɗin ta 1961 irin mai ajiya ne da ake kira J, mai sandar waya a gefe, wanda ke riƙe wajen psi 300 sai ka ja sandar ƙasa ya sake maka, na zamanin da babu agogon duba iska. Ya wanke shi ya canza abin da ya ci, ya bar hannun a ƙasa, ya gargaɗe ni in riƙa tabbatarwa yana ƙasa duk lokacin cikawa in ba haka ba ba za ta cika daidai ba. Wani gargaɗin kuma ga 'yan uwa da ke sayo kaya daga Turai, tiredin can M25 ne, na nan inci uku bisa huɗu, suna kama da juna har ɗaya na iya shiga ɗaya ya yi kamar ya zauna, kuma an sha samun bawul ya yi tsalle ya fita alhali mutum na tsaye a kai. Kada a haɗa su ko da wasa.

Ya manna sitika, ya haɗa ta da kwamfuresa ya cika a hankali yana taɓa jikinta, dan in aka cika da gaggawa tana zafi, in ta huce matsin ya sauka ka ga an rage maka. Tun daga ranar na manna farin tef a kafaɗar kowacce na rubuta matsin da manyan lambobi, 2475 a ɗaya 2250 a ɗaya, kuma duk inda na kai cikawa sai na faɗa da baki na kuma tsaya a wurin, saboda hannun masu cikawa ya saba da 3000, yaro na hira zai wuce da ita bai lura ba. Kafin a haɗa kuma ina ɗan buɗe bawul iska ta feso ta kore ɗigon ruwan da ke bakin, dan wannan ɗigon da ake turawa ciki lokacin cikawa shi ne mafarin yawancin tsatsa, shi da kwamfuresar da ba a canza mata matata a kan lokaci.

Kulawar yau da kullum ba ta da yawa. Ba na shanye iskar tas, ina barin 'yan ɗaruruwan psi ko da zan ajiye ta duk lokacin sanyi. A tsaye nake ajiyewa, in ma akwai danshi ya taru a gindi inda ƙarfe ya fi kauri. In na fito daga ruwan gishiri ina cire takalmin in wanke in bar ta ta bushe, takalman ma na canza su da masu ramukan zubar ruwa. Inda tutiya ta ƙwarzane ina shafa fentin tutiya na gwangwani, ba na kai ta wajen masu fentin da ake gasawa a wuta, zafi na canza ƙarfe kuma tukunyar da ta sha wuta ta gama aiki. Iskar da ta daɗe sosai a ciki kuma ina sakinta a sake cikawa, saboda tsatsa in yana ci iskar oksijin ɗin da ke ciki yake cinyewa.

Shagon farko har yanzu ina shiga in sayi ƙananan kaya, muna gaisawa, ban sake kai musu tukunya ba. Na fahimci cewa wanda ke tsaye kusa da tukunya lokacin cikawa shi ne ransa ke kan layi ba ni ba, kuma cika iska ba wata riba ce da ita ba in ka duba kuɗin kwamfuresa da gyaranta, shi ya sa nake saya a wurin Baba ko da intanet ta fi araha, in shagonsa ya rufe ban san mai gurje min tukunya mai bakin rabin inci a kusa ba sai na sake nema daga farko. In zan yi tafiya kuwa, ko tafkin Jocassee a Karolina ta Kudu ko bakin teku, ina buga waya tun daga gida in ce ina da 72 ta ƙarfe mai haidiro da sitika na bana, kuna cikawa? Wasu su ce kawo, wasu su ce sai sun sake dubawa da kansu sun sa tasu sitikar, wasu su ce a'a, sai in cika a wurin Baba in tafi da su. In kuma fita ce daga garin Morehead City na bakin tekun jiharmu zuwa jiragen da suka nutse, irin jirgin yaƙin Jamus U-352 da aka nutsar a 1942 wanda ke kwance a zurfin wajen ƙafa 110, a gida nake barinsu in yi hayar babba, dan a wannan zurfin iskar da mutum ke sha ta ninka ta sama fiye da sau huɗu, ƙafa kubik 65 ko 71 ba za ta bar maka ragowar da za ka taimaki abokin nutsonka ba in tasa ta samu matsala.